An Ƙarasa wa Auta Zanensa

Litinin, da hantsi

Sun sallamo Auta daga asibiti. Ƙanina ne, ya haura arba'in, gemunsa ya fara furfura, amma Auta muke ce masa, kuma da sunan zai mutu. Astagfirullah. Ban so rubuta wannan kalmar ba. Ba zan kuma soke ta ba. Wuni nake yi a maɗaba'a da jan biro ina farautar kurakuran mutane, a nawa littafin dai in huta.

Shanyewar ɓarin jiki ce, amma likita ya ce an yi sa'a. Na dubi hannun Auta na dama, kwance a cinyarsa kamar wani baƙo ne ya manta da shi a wurin, na dubi likita, na yi masa fatan irin wannan sa'ar a zuciyata. A baki na ce mun gode.

Matarsa ta sauko da gadonsu falo. Yara suna tafiya da sanɗa a gidan ubansu.

Talata, da yamma

Masu dubiya sun cika gida. Kowa da labarin wani kawunsa da abin ya taɓa samu, kuma duk kawunan sun warke sarai, wani har ya koma buga ƙwallo. Ban san garin nan cike yake da kawunai masu sa'a ba.

Wata ƙawar matarsa ta tsaya a kansa, ta dube ni, ta ce, "Yana dai gane mutane?"

Na ce, "Ya gane ki. Shi ya sa ya rufe ido."

Matar Auta ta bi ni har kicin tana cewa, "Haba Yaya, haba Yaya." Amma na ga gefen bakin Auta, wanda ke motsi, ya motsa.

Laraba, da rana

Ya ce "ruwa." Ya ce "Yaya." Da cokali ya suɓuce masa ya faɗi wata kalma da ba a rubutawa. Ita ta fi fita sarai.

Juma'a, bayan la'asar

Abin da na gani yau, sai na rubuta shi.

Matar Auta ta aike ni ɗakin aikinsa in ɗauko masa tabarau da 'yar rediyonsa. Tsohon sito ne a bayan tashar mota, an yanka shi ɗaki-ɗaki da katako, masu zane da masu sassaƙa da masu ginin tukwane suka cika shi. Na Auta yana sama, shi ne mai babbar taga. Tun yana saurayi ya same shi. Duk abin da ya iya a can ya koya, ban da taurin kai, wannan daga gida ya tafi da shi.

Sau ɗaya a shekara suna buɗe ƙofofinsu da yamma, jama'ar gari su shigo su yi kallo. Kuma suna da wata tsohuwar doka, wadda Auta da bakinsa ya sha kare ta a gabana: duk wanda bai buɗe ƙofa ya nuna kammalallen aikin shekarar ba, ɗakin ya fita daga hannunsa, a ba na gaba a layi. Wai don kada wurin ya zama ma'ajiyar masu tsohon suna. Layin kuwa dogo ne. Buɗe ƙofar bana ta kusa, ko wata ɗaya babu.

Na hau bene da mabuɗi a hannu, na tarar da ƙofa a buɗe, ana hira a ciki.

Su uku ne. Mai Ƙarfe, shugabansu, ƙaton mutumin nan da ke haɗa tsoffin ƙarafan mota su zama tsuntsaye. Baba Mai Yumɓu, da kunnensa ɗaya mai aiki. Sai Mai Shuɗi, wadda bango ɗaya ya raba ɗakinta da na Auta, matar da ban taɓa ganin farcenta babu fenti ba. Kowa da burushi a hannu. Burusan Auta.

Kuma sun juyo zane-zanensa. A sitonsu zanen da mai shi ya kifa wa bango kamar mace ce a banɗaki, ba a leƙawa. Auta kuwa shekara yake yi nasa suna kife, ko matarsa ba ta gani sai ranar buɗe ƙofa.

Na ce, "Sannunku da ɓarna."

Mai Ƙarfe ya kai burushi bayansa kamar zan manta na gani. "Yaya, zauna mu yi miki bayani."

"Ni ba yayarka ba ce. Yayar wanda kuke yi wa fashi ce."

Mai Shuɗi ba ta ɓoye nata ba. Ta ce, "Ki duba da idonki tukuna. Ko ɗaya bai ƙarasa ba."

Na duba. Ga tela a zaune, bayansa da hannayensa kawai, babu keke, babu shago, sai jan fentin nan da Auta ke fara shafe allo da shi kafin ya soma aiki. Mai guga ma haka. Mai aski ma haka. Auta kuwa kowa ya san hannunsa: in ya zana shagon tela sai ka ga maɓallai a kwalba, ka ga zaren da ya naɗe a ƙafar kujera. Ba ya barin ko kusurwa ta huta. A jikin telan har Mai Ƙarfe ya fitar da rabin keken ɗinki.

Ya ce, "Doka ta ce aikin da aka gama. Ni ne shugaba, masu jira suna kallona. Ba zan karya ta don abokina ba."

"Ba za ka karya doka ba, amma za ka yi jabu. Allah ya ƙara gaskiya."

Baba ya ce, "Me ta ce?" Aka faɗa masa a kunnen da ke aiki. Ya ɗaga hannu sama. "'Yata, ni buta kawai na zana. Ko a lahira aka tambaye ni, buta ce."

Na gaya musu abubuwa. Na gaya wa Mai Ƙarfe cewa tsuntsayensa sun fi shi kunya. Sauran ba zan rubuta ba.

Na dawo gida babu tabarau, babu rediyo.

Asabar, da safe

Matar Auta ta sani. Ita ta ba su mabuɗi. Ta aike ni ne don in gani da idona, ta rasa bakin gaya mini.

A bakin famfo muka yi ta, murya ƙasa-ƙasa, tana wanke zanen gado.

Ta ce, "Yaya, in hannu ya tafi, ɗaki ya tafi, me zai tashi daga gadon nan ya je ya yi?"

Na ce, "Gara ya tashi ya tarar an yi masa rayuwarsa a bayan idonsa?"

"Ke kin iya magana. Duk danginku kun iya magana." Ta matse zanen har jijiyar hannunta ta fito. "Ni ke wanke shi."

 Na karɓi ɗaya bakin zanen muka matse tare.

Ta roƙe ni kada in gaya masa. Ban ce eh ba.

Lahadi, da yamma

Ban gaya masa ba.

Talata, da rana

Mai gashin ƙashi ta zo, wata 'yar siririya mai muryar malamar firamare. Ta sa shi ya matse ƙwallon roba. Bai matsu ba. Ta ce, "Madalla!" Da ni ce shi da na jefe ta da ƙwallon, da hagu.

Bayan ta tafi ya kama bakin mayafina.

"Yaya. Ɗaki..."

"Ɗakinka yana nan, na je, ba abin da ya same shi."

"Zane..."

"Suna nan su ma. Kar ka damu kanka."

"Ranar..."

"Ranar buɗe ƙofa? Ana shiri. Kai dai ka warke."

Ya saki mayafin, ya juya fuska bango. Matarsa ta ce ina tarar numfashinsa, in riƙa barinsa ya kai ƙarshen magana da kansa, haka aka ce a asibiti. Na ce ai taimaka masa nake yi. Ba zan iya zama ina kallon yaron da ya fi kowa surutu a gidanmu yana haƙo kalma ɗaya kamar mai haƙar rijiya ba. Ba zan iya ba.

Alhamis, bayan la'asar

Na koma siton. Tabarau na je ɗauka, abin da na gaya wa kaina ke nan.

Mai Shuɗi kaɗai na tarar, zaune a ƙasa tana haɗa kala. Idanunta sun yi ja. Ta ce, "In zagi ne, ki bari in gama labulen nan, hannuna ba ya son hayaniya."

Na zauna ban yi zagin ba.

Abin haushin shi ne sun iya. Keken telan sak. Kwalbar maɓallai tana nan. Shagon mai askin ya samu madubi da kalanda da buta, kuma butar, in faɗi gaskiya, kamar ka ɗauka ka zuba ruwa. Ta nuna mini yadda Auta ke karya farin fenti da ɗigon ƙasa-ƙasa, yadda yake jan burushi daga dama zuwa hagu. Ta ce, "Shekara da shekaru ina jin tarinsa ta bangon nan. Na san lokacin da aiki ya ƙi shi, sai ya hau fito. Tunda ya kwanta ban iya aiki a nawa ɗakin ba, shirun ya yi yawa."

Akwai ɗaya a kusurwa da suka mayar da fuskarsa bango. Na miƙa hannu, ta ce, "Wannan ki bar shi sai ranar."

Na ce, "Yau kuma ku ke koya wa mutane kunyar leƙe?"

Ta yi dariya, na ƙi taya ta. Na ɗauko tabarau.

Litinin, da rana

Wani marubuci ya shigo maɗaba'a yana kumfar baki, wai na cire masa waƙafi a shafi na kaza. Na gaya masa in ya ga dama in mayar masa da duka, har da waɗanda ya watsa kamar mai ba kaji tsaba. Manaja ya kira ni gefe ya ce ko zan ɗauki hutu. Hutu in yi me da shi?

Ban gaya wa Auta ba.

Laraba, da yamma

Ya taka daga gado zuwa ƙofa da sanda. Yara suka yi tafi, ya harare su.

Da ya zauna ya huta, ya dubi matarsa ya ce, "Asabar. Zan... je."

Ta dube ni. Na dubi silin.

Ta ce, "Baban yara, ga bene fa."

"Zan... je."

Na bi ta kicin na ce yanzu sai a gaya masa. Ta ce ko ba zai gane ba, tunda abin ya taɓa kansa. Na ce abin hannunsa da harshensa ya taɓa, bai taɓa idonsa ba. Muka tsaya muna kallon juna. Cikinmu babu wadda ta koma falo ta faɗa.

Juma'a, da safe

Na goge masa riga mai ruwan toka. Na ƙona wuyanta.

Lahadi, da hantsi

Jiya ban iya riƙe biro ba. Yau zan rubuta duka.

Mun isa rana ta yi sanyi. An share harabar siton, an ja ƙwayayen lantarki a igiya, an jera kujerun roba da lemon kwalba a baho. Jama'a sun fi yadda na zata: ɗalibai da jakunkuna, ma'aikatan tasha da suka leƙo don sun ga haske, matan aure da goyo, da irin mazan nan masu tsayawa a gaban zane su kama haɓa.

Auta ya ce sai ya ga na kowa kafin nasa, haka yake yi duk shekara. Muka bi ɗakunan ƙasa a hankali, matarsa a dama, ni a hagu.

Na shiga ne da niyyar in raina komai, ban samu yadda nake so ba. Tukwanen Baba ba su da ado ko kaɗan, amma a bakin kowacce akwai gurbin babban yatsansa, na ga wata yarinya ta sa nata yatsan a ciki. Akwai wata mai ɗaukar hoto da ta shekara tana bin ƙofofin shagunan da aka rufe, kwaɗo bayan kwaɗo, har na gane na mai sayar da littattafan da nake zuwa ina budurwa. Akwai wani saurayi da ya shafe allo uku da baƙin fenti ya ba su suna mai tsawon sakin layi. Wani mai tumbi ya tsaya a gabansu ya ce, "Wannan ai ɗana ma zai iya."

Na ce, "To ka kawo shi, akwai layi."

Tsuntsayen Mai Ƙarfe suna tsakar gida. Wani zalɓe da aka yi wa wuya da salansar babur ya sunkuyo kamar yana jin kunyar tsawonsa. Na janye rainin da na yi musu, a nan kawai, ba a gabansa ba.

Sai bene. Maza biyu suka zo za su ɗauke shi a kujera, ya nuna su da sanda suka ja baya. Ya hau da ƙafarsa. Mutanen da ke saukowa suka manne da bango, ana jin numfashinsa da ƙarar sanda.

A sama muka fara shiga na Mai Shuɗi. Zane biyu kacal ta rataya, mata masu wanki a bakin kogi, komai shuɗi har inuwarsu. Sauran bangon fayau, ƙusoshi kawai. A nan na gane inda makonninta suka tafi. Auta ma ya dubi ƙusoshin, ya dube ta. Ta sunkuyar da kai.

Ɗakinsa a cike yake. Muna shiga wani malami yana gaya wa ɗalibansa, "Ku dubi maɓallan nan. Hannun mutumin nan ba ya ɓuya."

Aka ga Auta, aka hau tafi. Bai dubi kowa ba. Ya taka har gaban telan ya tsaya. Ya matsa gaban mai guga. Ya matsa gaban mai aski. Ya dawo. Ya ɗaga sanda ya ɗora bakinta a kan keken ɗinkin, ya waiwayi Mai Ƙarfe.

"Kai."

Ya nuna buta. "Baba."

Ya nuna labule, da madubi, da maɓallan da malamin ya yaba, ya dubi Mai Shuɗi. "Ke."

Tafin ya mutu. Bakinsa ya shiga kokawa da wata magana, wuyansa ya kumbura. Na buɗe baki in taimaka, matarsa ta mintsine ni a dantse, har yanzu wurin shuɗi ne. Muka jira. Ɗaki guda muka jira.

"Na... gama... su."

Mai Ƙarfe ya ce, "Na'am?"

"Na gama su. Tun... tuni." Ya buga sanda a ƙasa. "Jan... haka... nake so."

Ba a bar su rabi ba. Bana ya sake hannu ne, ya daina cika kusurwa, ya kifa su bango bai gaya wa kowa ba, kamar yadda ya saba. Su kuma da suka fi kowa sanin hannunsa na dā, suka mayar da shi inda ya baro. Da baƙi ne da ba su yi wannan kuskuren ba. Aikin ƙarshe da hannun nan ya yi, shi suka binne.

Mai Ƙarfe, ƙato guda, ya zauna a ƙasa daɓas. Baba yana ta "Me ya ce? Me ya ce?" ba wanda ya iya faɗa masa.

Mai Shuɗi ta fita da gudu. Na ce a raina ta tsere. Sai ga ta da galan na man wanke burushi da ƙunshin auduga da tsummoki. Ta ce, "Nasa ya yi watanni, ya bushe. Namu ɗanye ne. Zai fita." Ta durƙusa gaban Auta. "In ka yarda."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ja kujera da sandarsa ya zauna, ya nuna keken ɗinkin.

A gaban jama'a suka yi shi. Su uku a durƙushe, auduga a hannu, suna goge aikinsu kaɗan-kaɗan, shi kuma yana zaune yana nuni da sanda: nan, tsaya, can. Wari ya cika ɗakin har aka buɗe babbar tagar. Waɗanda suka shigo daga baya suka ɗauka cikin shirin ne. Na ji wani yana yi wa matarsa bayani cewa sabon salo ne, yanzu haka ake yi a ko'ina. Baba da kansa ya goge butarsa, yana yi yana cewa, "Buta ce mai kyau fa. Ku dai shaida."

Da keken ya tafi, da shagon ya tafi, sai ga telan shi kaɗai a cikin ja. Ban san zane ba, rubutu na sani. Amma na ga keken a lanƙwasar bayansa, na ga shekarun da ya yi a kansa, har kamar ina jin ƙararsa. Babu abin da ya rage a ƙara. Malamin nan ya cire tabarau ya mayar.

Bayan magariba aka zo kan na kusurwa, wanda aka hana ni gani.

Ni ce. Bayana ne, a teburin maɗaba'a, jan biro a hannu. Ban san yaushe ya zo ya tsaya yana kallona ba. Sun kewaye ni da kantocin littattafai, kuma matar da ke ciki tana zaune lumui kamar mai jiran a kawo mata shayi.

Auta ya nuna kafaɗar ya dubi Mai Shuɗi.

Ta ce, "Na sauke ta kaɗan. Ka ɗaga ta har kunne, na ɗauka kuskure ne. Na ce babu mai kafaɗa haka."

Ɗakin gaba ɗaya ya juyo ya dubi kafaɗata. Wani ya yi tari.

Ta sa auduga. Kantocin suka fita lafiya. Da ta zo kafaɗar, ta shafa sau ɗaya, ta shafa na biyu, sai ta ƙame. Audugar ta ɗauko nata ta ɗauko nasa. Shi ne na ƙarshe da ya yi, kwanaki kaɗan kafin ciwon ya same shi, fentin da kauri, bai gama bushewa ba. Inda wuyana da kafaɗata suke sai wani jirwaye mai ruwan laka.

Ta rufe fuska da hannayenta masu fenti ta fashe da kuka. Auta ya dubi wurin, ya sake dubansa. Ya miƙa wa matarsa hannu ta tashe shi.

Ina da magana a bakina, shiryayya, mai kaifi, wadda za ta bi matar nan har kabari. Na haɗiye ta. Har yanzu tana nan a maƙogwarona.

Litinin, da yamma

Bai ci abinci ba jiya. Yau ya ci kaɗan. Bai yi wa kowa magana ba, har ni.

Laraba, da rana

Kwamitinsu ya zauna. Mai Ƙarfe ya sauka daga kujerar shugaba kafin a fara, ya ce ba shi da bakin yanke hukunci a wannan. Wata daga cikin masu jiran ɗaki, wadda aka ce a barandar uwarta take zane, ita ta tashi ta ce ta ga ƙofa a buɗe, ta ga aikin shekara, kuma a gaban idonta aka tabbatar an gama shi, me kuma ake nema?

Ɗakin yana hannunsa sai baɗi. Baɗi kuma sai da sabon aiki.

Da wane hannu? Ba wanda ya tambaya. Ni ma da Mai Ƙarfe ya zo gida ya faɗa, yana murza hula kamar mai neman aure, ban tambaya ba. Na ba shi ruwa. Ruwa kawai.

Asabar, da yamma

Da safe matarsa ta kira ni, wai ya ce in zo in kai shi. Ita ya ce ta zauna ta huta.

Siton shiru, an kwashe kujeru. Muka hau. Na tarar an share ɗakin, an wanke burusa an jera su a gefen hagu na tebur, an matse fenti a faranti. Ta bangon katako ina jin motsin Mai Shuɗi, ba ta leƙo ba.

Zanena yana kan katakon aiki da raminsa a kafaɗa. Auta ya nuna mini wata kujera mara majingina a gaban taga.

"Zauna."

Na zauna.

"Juya."

"Haba Auta, ni da aiki a gida, ga wanki, ga..."

"Yaya. Yi... shiru."

Tunda aka haife shi bai taɓa gaya mini haka ba. Na ba shi baya na yi shiru.

Na ji burushi ya faɗi. Na ji ya ja shi da sanda, ya yi nishi, ya ɗauka. Ya sake faɗuwa. Ya faɗi kalmar nan tasa. Duk gaɓoɓina suna cewa in tashi in miƙa masa, na danne hannayena a ƙarƙashin cinya. Can sai na ji gashin burushi a jikin allo, wani irin ja mai karkarwa, kamar yaro yana koyon rubutu.

Ina zaune ina kallon rufin tasha, sai komai ya taso mini. Likita da sa'arsa. Mai ƙwallon roba da madallarta. Kawunan mutane da suka warke. Wawayen nan uku masu zuciyar zinariya. Ni kaina da na san komai na rufe baki. Da wannan abin da ya zo bai yi sallama ba, ya tsallake duk hannayen banza da ke garin nan, ya zaɓi nasa. Ban san haƙorana sun haɗu ba sai da muƙamuƙina ya yi ciwo, kafaɗata kuwa ta kai kunne.

Burushin ya tsaya.

"Yauwa," in ji shi daga bayana. "Haka. Kar ki... huce."

Kamar dā ina da niyya.